Agogon da Ya Ji Sanyi

Alhamis, 1:15 na rana

Kowa ya tafi cin abinci, ni na zauna. Yau kwana biyu ke nan Ɗan Aike bai ce uffan ba. Haka muke kiran kumbon namu na sararin samaniya tun ranar da aka harba shi, saboda aikensa aka yi can nesa ya gano ya aiko da labari, kuma shekara huɗu bai taɓa yi mana fashi ba. Tun ranar Talata kuwa ba abin da ke fitowa daga lasifika sai shuuu. An juya faifan eriya nan, an juya can, ko tari bai yi ba.

Yaya ne ya aika masa umarni na ƙarshe. Jiya aka ba shi takardar dakatarwa, wai har sai kwamiti ya gama bincike. Ta taga na hango shi yana miƙa wa mai gadi katin shiga. Mai gadin ya ƙi karɓa da farko, ya zaci wasa ne. Mutumin da ya kawo ni wurin nan, ya zaunar da ni a wannan kujera, ya koya mini aikin da nake ci da shi. Ban sauka ba. Na san idan na buɗe baki kuka zan yi, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar kuka a wurin aiki.

Don rubuta lokutan maganin Umma na sayi littafin nan. Ga abin da ya koma.

Alhamis, 7:40 na yamma

Umma ta ƙi shan maganin rana, wai yana mayar da ita gawa. Ƙafar na nan cikin filasta a kan matashi biyu. Ranar Talata ta zame a banɗaki. Ita dai wannan Talatar.

Maƙwabta sun shigo dubiya, ta ba su labarin tun daga farko kamar yadda ta ba na jiya. Yadda ta ja jiki har wurin waya, yadda ta kira ɗanta, yadda ya iso kafin hawayenta ya bushe, ya ɗauke ta cak zuwa mota. "Yana tsakiyar aiki fa," in ji ta, "ya watsar da komai ya taho." Na tashi na shiga kicin na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Asabar, 11:20 na safe

Matar Yaya ta zo da yaran. Anti mutumiyar kirki ce, amma magana ba ta kwana a cikinta. Kafin in kawo shayi ta gaya wa Umma an dakatar da shi.

"Auta, zo nan. Ke kina wurin, kika bar ni ina ta tambaya kamar wawuya?"

"Umma, hawan jininki nake ji."

"Jinina nawa ne. Me ya yi musu?"

Na ce kumbo ne ya yi shiru, ana bincike, kowa ma ana tambayarsa. Ta yi mini kallon da take yi mini tun ina firamare idan na ce ba ni na lashe madara ba. Ba ta tambayi ranar da abin ya faru ba, ni ma ban faɗa ba.

Anti ta biyo ni kicin ta rage murya. Wai Yaya ba ya cin abinci, ba ya aski, sai ya fita ya zauna cikin mota a ƙofar gida, inji a kashe, har rana ta yi. "Ke da kike ciki, ki yi wani abu mana." In yi me, Anti? In kafa tsani in hau in girgiza shi? A zuci na faɗa. A fili na ce to.

Litinin, 9:05 na safe

Ɗan Aike ya yi magana!

Litinin, 4:50 na yamma

Murnar ba ta kai rana tsaka ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa take zuwa, harafi ɗaya-ɗaya, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Abin da muka tsinta shi ne injin da ke riƙe masa fuska ya tsaya, kumbon ya juya ya kalli rana, babbar kyamarar ta ƙone. Ita ce dalilin aiken gaba ɗaya. Daga nan ya kashe kansa ya sake tashi, agogonsa ya koma sifili. Yana raye, yana tafiya, amma ya makance.

Waɗanda suka yi shekara goma suna gina kyamarar suna zaune a ɗakin taro ba mai kallon wani. Da na wuce sai hirar ta tsaya. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu.

Talata, 1:30 na rana

Darakta ya kira ni, ya rufe ƙofa da kansa. Ya ce maganar duk ta dawo kan abu ɗaya. Yaya ya aika umarnin ba tare da mutum na biyu ya duba ba, ya fita da sauri bayan an kira shi a waya. Wannan laifi ne, amma na takardar gargaɗi. Abin da kwamiti ke son sani shi ne: injin ya tsaya kafin umarnin ya isa, ko bayan ya isa? Idan kafin ne, injin ne ya mutu don kansa. Idan bayan ne, kora ce, kuma ba wani wuri irin namu da zai sake ɗaukarsa.

"Mun san daƙiƙar da umarnin ya bar eriya, mun san tsawon tafiyarsa. Lokacin da injin ya tsaya kuwa da harshen agogon kumbo aka rubuta shi. Ke za ki fassara mana, Malama."

"Yallaɓai, yayana ne fa."

"Na sani. Nuna mini wani a ginin nan da ya san halin agogon nan in ba shi."

Babu. Mu biyu ne, ɗayan kuma yana zaune cikin mota a ƙofar gidansa.

Talata, 6:15 na yamma

Bari in rubuta yadda zan yi wa kwamiti bayani, tunda rabinsu gani suke agogo agogo ne, a duba a faɗa.

Agogon kumbo ba irin na bango ba ne. Bai san Litinin ba, bai san safiya ba. Ƙidaya kawai yake yi, ɗaya, biyu, uku, tun ranar da aka kunna shi, kuma an ce kowace ƙidaya daƙiƙa ɗaya ce. An ce ne kawai. Yana da ɗan nauyin ƙafa, kullum sai ya bar wani abu a baya. Aikina shi ne duk sanda ya yi magana ya faɗi inda ƙidayarsa ta kai, in duba babban agogonmu mai lokacin duniya, in cire mintocin da saƙon ya yi a hanya, kusan shida yanzu, in haɗa biyun su zama aure guda. Da irin waɗannan haɗin nake jan layi. Ka ba ni kowace lamba daga cikinsa, in bi layin in gaya maka rana da awa da daƙiƙa.

Matsalar ita ce haɗina na ƙarshe mai kyau ya girmi abin da ya faru da kwana tara, saboda na'urar buga lokaci ta eriya tana wurin gyara. Bayan abin kuma agogon ya koma sifili, ya manta duk abin da ya wuce. Ke nan dole in miƙe layin cikin duhu, kwana tara, in ce ga inda ya kamata ya bi.

Umma na kira. Kwanon fitsari.

Laraba, 8:00 na safe

Ban yi barcin kirki ba. Kaina kamar an ɗaure shi da waya.

Alhamis, 12:10 na rana

Biyar! Daƙiƙa biyar kafin umarnin ya isa injin ya tsaya. Na yi lissafin sau uku, na yi da kwamfuta, na yi da hannu kamar yadda Yaya yake so. Biyar, biyar, biyar. Umarnin na kan hanya, bai ma ƙwanƙwasa ƙofa ba, injin ya riga ya mutu.

Bai kamata in kira shi ba kafin in kai wa Darakta. Na sani. Na fita bayan matakala na kira shi.

"Yaya, kafin ne."



"Kin tabbata, Auta?"

"Wa ya koya mini?"

Na ji ya saki wani numfashi, sai kuma na ji ƙarar buɗe ƙofar mota. Na kai wa Darakta takardar, na rubuta "na wucin gadi" a samanta da jan biro. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce alhamdu lillahi. Shi ma ba son korar yake yi ba.

Juma'a, 8:20 na yamma

Sun zo gaba ɗayansu. Yaya ya yi aski, ya ci shinkafa faranti biyu, ya ce wa Anti girkina ya fi nata don kawai ta yi fushi, ta kuwa yi. Yaran sun zane filastar Umma da biro, ƙaramar ta zana kumbo mai ƙafa huɗu da wutsiya. Umma ta bar su. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ta faɗi.

"Ashe agogon ma ya san gaskiya," in ji ta.

"Umma, agogo bai san komai ba. Ƙidaya kawai yake yi."

"To ya ƙidaya daidai. Ke kuma kullum sai kin ɓata wa mutum magana."

Da za su tafi Yaya ya dafa kaina a bakin ƙofa kamar yadda yake yi sanda nake ƙarama. Na daɗe ban ji daɗi irin na yau ba, ina so in rubuta wannan don kada in manta.

Litinin, 10:45 na safe

Malam Sanyi ya same ni a wurin shayi. Shi ne mai kula da zafi da sanyin kumbo, kuma ba a taɓa ganinsa babu rigar sanyi ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

"Mai Agogo, barka da arziki. Na ji an kusa wanke Oga."

Na ce sai dai godiya.

"Ni wallahi tsorona kada a ce hitocin ɗumama kumbo da muka kashe ne. Uku muka kashe don batir ya huta, har da ta kusa da akwatinki."

"Wane akwatin nawa?"

"Na agogo mana. Washegarin da na'urarku ta tafi gyara. Ba ki ga sanarwa ba? Af, ai ba a sa ki a ciki ba. Me ya haɗa mai agogo da hita?"

Ya zuba sukari cokali uku, ya juya, ya tafi yana waƙa. Na tsaya da kofi a hannu har ya huce.

Litinin, 3:30 na yamma

Agogon nan idan ya ji sanyi nauyin ƙafarsa ƙaruwa yake yi. Yaya ne ya fara lura da haka shekara biyu da suka wuce, sanda aka kashe wannan hitar na mako guda. Ya nuna mini a allo, layin ya ɗan lanƙwasa, ya ce in riƙe wannan a kaina don ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Na riƙe. Ban dai san an sake kashe ta ba.

Idan agogo yana latti, lambar da ya nuna ta baya ce. Ainihin lokacin ya wuce haka. Ke nan injin bai tsaya a inda na ce ba, ya tsaya can gaba. Gaba nawa, shi ne ban sani ba. Na nemo bayanan wancan makon na shekara biyu, na nemi Malam Sanyi ya turo mini ma'aunin sanyin kwana taran. Ya turo har da gaisuwa.

Ban buɗe ba tukuna.

Talata, 9:10 na safe

Na buɗe. Daƙiƙa bakwai da ɗoriya ya bari a baya cikin kwana tara. Biyar kafin, a ƙara bakwai. Yaron firamare ma zai iya.

Talata, 2:00 na rana

Na sake. Bayan ne.

Laraba, 11:35 na safe

Na sake ta wata hanya. Na ɗauki mafi ƙarancin lattin da ya taɓa yi cikin sanyi, na ba shi duk wani uzuri da lissafi zai iya ɗauka. Na duba nisan kumbo ko masu auna nisa sun yi kuskure, ba su yi ba. Na duba ko umarnin ya ɗan tsaya a na'urar eriya kafin ya fita, ya tsaya, amma ƙiftawar ido ce. Duk inda na bi sai in fito a ƙofa ɗaya. Umarnin ya isa, aka yi daƙiƙa biyu, injin ya tsaya.

Na tsani agogon nan. Shekara huɗu ina lallaɓa shi.

Laraba, 7:50 na yamma

Anti ta aiko mini da turare da mayafi. Wai tukwici. Ta ce Yaya ya goge rigunansa na aiki guda biyar ya rataye, har ya fara yi wa yara faɗan aikin makaranta, alamar ya dawo daidai ke nan. Na sa kwalin a ƙarƙashin gado.

Wata ƙawar Umma ta zo dubiya. Labarin dai. Yadda ta ja jiki, yadda ta kira, yadda ya watsar da komai. Yau har da ƙari, wai ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba.

Alhamis, 1:20 na rana

Ba wanda ya sani. Abin da nake ta juyawa ke nan tun safe, gara in rubuta shi ya fita daga kaina. Malam Sanyi bai san hitarsa ta shafi agogo ba. Darakta na da takarda mai biyar a aljihun teburinsa, kuma yana sonta. Kwamiti ba za su tambayi sanyi ba, ba su ma san ana tambaya ba. Abin da zan yi kawai in goge "na wucin gadi" in sa hannu. Ba ƙarya zan ƙirƙira ba. Layin da na ja ranar Alhamis ɗin can layi ne na gaskiya, da shi na yi imani sanda na ja shi.

Kyamarar ta riga ta ƙone. Korarsa ba za ta dawo da ita ba.

Na karanta abin da na rubuta. Duk gaskiya ne, amma ban sa hannu ba.

Juma'a, 10:00 na safe

Taron mako. An sa a allo jerin umarnin da za a aika wa Ɗan Aike wata mai zuwa don a gyara masa hanya, tunda sauran ƙananan na'urorinsa na aiki kuma injin ajiya, na ko-ta-kwana, ne ke riƙe da shi yanzu. Na uku a jerin shi ne irin wanda Yaya ya aika, harafi da harafi. Wata ta tambaya ko ba za a cire shi ba. Darakta ya ce ba dalili, lissafin Malama ya nuna ba ruwansa. Kowa ya juyo ya dube ni, har da masu murmushi.

Injin ajiya ɗaya ne. Ba na uku.

Asabar, 5:15 na yamma

Na ƙona shinkafa. Na yi wa Umma tsawa a kan rimot. Ta ce idan aikin ne ke mayar da ni haka gara in koma koyarwa. Na ba ta haƙuri, na shafa mata mai a ɗaya ƙafar. Ta ce hannuna sanyi ƙalau.

Lahadi, 9:30 na safe

Na rubuta sabuwar takardar. Shafi huɗu. Na buga ta, na sa a jaka, na fito da ita, na mayar.

Litinin, 4:40 na yamma

Yau aka kai Umma asibiti a sake ɗaukar hoton ƙafar. Yaya ne ya kai mu. Layin ya yi tsawo, Anti ta zauna da ita, ni na ce masa ya zo mota ina da magana. Ya biyo ni yana wasa da makulli, yana cewa in dai maganar aure ce shi ba ruwansa, in je wurin Umma.

Na miƙa masa takardar. Ban yi bayani ba, ba ya buƙata. Ya karanta shafin farko. Da ya kai wurin hita sai makullin ya daina motsi. Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na gane biro yake so, na ba shi.

Ya ɗora takardar a kan sitiyari ya bi ta layi-layi, leɓensa na motsi. Motar ta yi zafi, ba wanda ya buɗe taga. Wani mai gadi ya zo ya ce mu gyara fakin, ya leƙa fuskarsa, ya koma. Ni ina ta addu'a a zuci Allah ya sa ya kama ni da kuskure, ya yi mini faɗa irin na da, ya ce wannan wane irin shirme ne, Auta.

A shafi na uku ya tsaya.

"Nan me kika yi?"

"Na daidaita ne."

"Kin daidaita ko kin rage?"

Ya ɗora bakin biron a kan lambar.

"Kin ɗauki ranar da agogon ya fi sauri kin shimfiɗa wa kwana tara. Haka na koya miki? Tsaka-tsaki ake ɗauka."

Ya yi lissafin a gefen takardar, ya soke biyun da na rubuta, ya sa biyu da rabi. Ya bi shafi na huɗu har ƙasa, ya rufe biron, ya miƙo mini duka biyun.

"Sauran daidai ne."

"Yaya, da ban kira ka ba ranar Alhamis ɗin..."

"Bari."

Ya daɗe yana kallon ƙofar asibitin. Ya tambaya ko umarnin na cikin jerin wata mai zuwa, na ce na uku ne. Ya gyaɗa kai.

"Gobe da safe ki kai. Kada ki jira ranar kwamiti." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Umma kuwa, ki ce kwamfuta ce ta sake lissafi. Kada ta san ke ce."

"To."

"Da ɗaya maganar. Ranar da ta faɗi da ranar umarnin. Kada ta taɓa haɗawa."

"Ba za ta haɗa ba."

Muka koma ciki. Likita ya ce ƙashin na kamawa da kyau. Yaya ya tura keken Umma har mota yana yi mata ba'a wai ta yi ƙiba a kwance, tana dukan hannunsa. A hanya shi ya yi ta hira. Ni na zauna a baya ina riƙe da jakar a cinya.

Talata, 8:40 na safe

Na kai. Darakta ya karanta a tsaye. Ya ga gyaran biro a shafi na uku, ya san rubutun. Ya dube ni, ya ce in je in huta. Ban je ba, ina zan je?

Alhamis, 2:25 na rana

Kwamiti. Sun ba ni minti ashirin, na yi bayanin sanyi da latti da layi kamar yadda na shirya. Wani ya tambaya ko rabin daƙiƙar na da muhimmanci. Na ce a'a. Yaya yana zaune a ƙarshen tebur cikin ɗaya daga cikin rigunan da ya goge. An tambaye shi ko yana da ja a kan lissafin, ya ce ba shi da shi.

An cire umarnin daga jerin. An cire Yaya ma.

Malam Sanyi ya tare ni a matakala, idonsa ja, yana cewa da ya sani da bai yi maganar hita ba. Na ce masa ya bar ni in wuce.

Juma'a, 6:05 na yamma

Anti ta sani. Ba ta faɗa ba, amma na kira sau biyu ba ta ɗauka ba.

Yaya ya zo da rana ya gaya wa Umma da bakinsa, ina wurin aiki. Na dawo na tarar ta juya fuska bango, abincin rana na nan a rufe. Na zauna a bakin gado. Ta daɗe kafin ta juyo, idonta ya kumbura.

"Ya ce kwamfuta ce ta ƙaryata ki."

"Eh, Umma."

"Ke kika ce biyar, ita ta ce a'a. Suka bar maganar mutum suka ɗauki ta ƙarfe." Ta ja tsaki, ta la'anci kwamfutar da wanda ya ƙera ta da wanda ya kunna ta. Sai ta kamo hannuna da hannayenta biyu ta ɗora a ƙirjinta. "Ke dai kin yi. Duk ginin nan ke kaɗai kika tsaya wa ɗan'uwanki. Ina gani ba kya ci, ba kya barci. Allah ya yi miki albarka, Auta. Allah ya ba ki masu tsaya miki kamar yadda kika tsaya masa."

Ta tsaya tana jira.

Na ce amin.